Tsani mai hawa uku, kowane hawa da ubangidansa

A makarantar koyon aikin lafiya an zana mana tsarin kiwon lafiyar Nijeriya a allo kamar tsani. A ƙasa asibitin sha-ka-tafi, na ƙaramar hukuma. A tsakiya babban asibiti, na jiha. Can sama kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na gwamnatin tarayya. Na haddace tsaf. Sai da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a karkara na gane cewa kowane hawa aljihunsa daban, kuma tsakanin hawa da hawa akwai ramin da mara lafiya ke faɗawa.

Wani dare da damina aka kawo mana wata mai cikin fari tana jijjiga, ƙafafunta sun kumbura sumtum. Muka yi mata allurar tsayar da jijjiga, na rubuta takardar tura ta babban asibiti. Babu mota. Mijinta ya dube ni ya ce, "Malama, ba duk asibitin gwamnati ba ne? Ku kira su mana." Ban san wanda zan kira ba. Da kyar aka samu motar kasuwa, Allah ya sa ta haihu lafiya, amma tambayar nan ta hana ni barci.

Daga nan na koma karatun da a da nake ɗauka na ma'aikatan ofis ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Wani kaso yana bi ta NPHCDA, wato hukumar bunƙasa lafiya a matakin farko ta ƙasa, zuwa ƙananan asibitoci, wani ta hukumar inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta mayar NHIA. Kuɗin ba ya zuwa da kansa. Sai asibiti na da asusun banki da tsarin kashe kuɗi a rubuce, da kwamitin cigaban mazaɓa mai zama da gaske. Na ga inda magani ya ƙare a kanta wata da watanni, don kawai ba a cike takarda ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Akwai ma hawan da ba a zana mana ba: kemis. Nan mutanenmu ke fara zuwa. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ce ke ba su lasisi, NAFDAC kuma ke yi wa magani rajista. Shi ya sa duk wanda ya zo da kwalin magani a leda nakan juya shi in nemi lambar rajistar NAFDAC.

Yanzu ba na fashin taron kwamiti. A bangon ɗakin haihuwa kuma mun liƙa lambobin direbobi uku da suka yarda a tashe su ko tsakar dare ne, da ta ungozomar babban asibiti, wadda nake kira tun kafin mota ta tashi.