Laraba: Debian, Ubuntu da kwamfutar ƙanina

Tun safe hazo ya rufe gari, daga Kawo har na iso shago a Tudun Wada ƙura ce kawai a cikin keke. Aiki bai yi yawa ba sai bayan azahar, da ƙanina ya shigo da laftop ɗinsa rai a ɓace. Debian 12 ce a kanta, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ya sauko da wata manhaja ta .deb (irin fayil ɗin da ake sa manhaja da shi a Debian) daga intanet, wadda aka yi don Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin daban, ya yi ta fama, ta ƙi shiga.

"Yaya, ba an ce Ubuntu daga Debian ta fito ba? To me ya sa kayan ɗiya ba za su shiga uwa ba?"

Tambayar ta yi min daɗi, don mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Gaskiya ne, tun 2004 da kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu, daga reshen Debian da ake kira unstable take ɗebo yawancin manhajojinta. Amma ba ɗauka take yi ta ajiye yadda suke ba. Sake haɗa su take yi a kan nata ɗakunan karatun lamba (ginshiƙan da sauran manhajoji ke dogara da su), da nata gyare-gyare, a nata lokacin. Kwalin ɗaya ne, .deb, kayan ciki kuwa kowa da awonsa.

Na sa ya karanta min saƙon da apt, manhajar da ke sa kaya a Debian, ta rubuto. Manhajar da ya sauko tana neman libc6, ɗaya daga cikin ginshiƙan nan, daga siga 2.38 zuwa sama. An haɗa ta ne don Ubuntu 24.04 mai ɗauke da 2.39, ita kuwa Debian 12 a 2.36 ta tsaya. Shi ke nan matsalar. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne har ya buɗe fayil ɗin sources.list, inda ake jera ma'ajiyoyin da apt ke ɗebo manhajoji, zai liƙa ma'ajiyar Ubuntu a ciki don ya tilasta ta. Na riƙe hannunsa. Ranar da ya yi sabuntawa, apt za ta soma maye gurbin ginshiƙan Debian da na Ubuntu, kwamfutar da duk aikin makarantarsa ke ciki ta rikice.

Don ya gani da idonsa, na gwada fayil ɗin a tawa mai Linux Mint 22. Nan take ya shiga. Mint ba ta sake haɗa yawancin kayanta, kai tsaye take sha daga ma'ajiyar Ubuntu 24.04. Ko ita ma tana da inda take ba da wahala: idan umarni ya tambayi sunan siga, sai ta ce wilma, laƙabin Mint 22, alhali ma'ajiyar masu manhajar noble ta sani, laƙabin Ubuntu 24.04, dole ka gyara da hannu.

Daga ƙarshe mun sami manhajar a Flathub, wata ma'ajiyar manhajojin Linux, muka sa ta ta Flatpak, hanyar da manhaja ke zuwa da abubuwan da take buƙata. Ta ci data sosai, kuma sai da aka ɗauke wuta muna tsaka da saukewa, muka ƙarasa da batir. Ya tafi dab da magariba, gobe zai dawo mu kwafe masa fayilolinsa a filashi.