Kayan da ya yi magana a ɗaki

Da aka yi wa Malam canjin wurin aiki daga firamaren ƙauyenmu na ƙasar Ringim zuwa wata makaranta a ƙasar Gumel, mata suka yi ta shigowa suna yi mini jajen rabuwa da dangi. Ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne. Shekara tara ke nan tun da 'yan jere suka kafa mini shogilas a ɗaki, ban taɓa gusar da shi ba, sai dai in zura tsintsiya ƙarƙashinsa. A ciki akwai farantan tangaran dozin biyu, da kofunan gilashi, da wani jug mai furanni da ko ruwa bai taɓa gani ba. Ga kwalla da samiru, ga madubin sif, ga filas uku, ga randar da Innata ta ba ni, wadda ko a zafin bazara ruwanta sai ya sa haƙori ya amsa. Hanyar kuma na san ta. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kwalta burji ne, kuma tun ambaliyar 2022 bai koma yadda yake ba.

Na aiki ƙanin Malam kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya sayo mini kwalayen taliya da na sabulu da salatif. Na zauna na jera faranti a kwance, wani kan wani, kamar yadda suke a shogilas, na sa tsofaffin takardun Malam a tsakani, na liƙe. Ina cikin jin na iya sai ga Gwaggo, yayar surukina, ta yi sallama. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga kwalin, ta kai shi kunne, ta ɗan girgiza.

"Ke 'yar nan, ba ki ji ba? Kayanki magana suke yi. Wanda ya yi magana a ɗaki ai kuka zai yi a hanya. Kwance."

Raina bai so ba, don salatif ɗin kuɗi ne, amma na ce, "To, Gwaggo."

Allah ya sa kaka ce. Ta tura yara injin casar shinkafa suka ciko buhu uku na ɓuntu, busasshe ƙayau. Na ce ga dusa a gida, ta harare ni: dusa abincin dabba ce, kuma ɓera da ƙwari take kira. Kwalin ma ta ƙi yarda da shi ga kayan fashi, don da an ɗora masa nauyi sai ya lotse. Manyan bahunan roba na wanki da bokitan fenti ta sa aka wanko aka shanya.

Ta fara zuba ɓuntu a gindin baho, kaurin tafin hannu. Kowane faranti sai ta naɗe shi da tsohon ɗankwali ko rigar yara, sannan ta kafa shi a tsaye, a kan gefensa, ɗaya na jingine da ɗaya. Nan na yi gardama, don a idona faranti a tsaye shi ne mai saurin karyewa. Ashe ba haka ba ne. In suna kwance, na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duka, duk ramin da mota ta faɗa kuma a tsakiyarsa dukan ke sauka, nan ne kuwa ba shi da ƙarfi. In suna tsaye kowa nauyin kansa yake ɗauka. Kofuna ta cusa wa safar yara a ciki ta kife su, ta hana a zura wani cikin wani, wai haka suke cijewa, wajen rabawa su tsage. Sai ta bi duk wani lungu da ɓuntu, ta jijjiga bahon ya zauna, ta ƙara, ta sake jijjigawa, har sai da kunnenta bai ji komai ba. Aka rufe da zani aka ɗaure da igiya.

Ɓuntu dai akwai ƙaiƙayi. Kwana biyu ina susar hannu, kuma duk abin da ya shiga ciki sai an sake wanke shi.

Kwalla ba ta fashewa, amma in ta gogi 'yar uwarta fentin ya ɓantare, daga nan tsatsa ta samu ƙofa, don haka tsumma muka sa a tsakani. Randa kuwa tun saura kwana uku Gwaggo ta sa na juye ruwan na kife ta ta bushe, domin jiƙaƙƙiyar tukunyar ƙasa ta fi nauyi kuma ta fi saurin tsagewa. Aka karɓo tsohuwar tayar mota wurin mai faci, aka yi gammo da buhu a ciki, aka zaunar da ita, aka cika cikinta da kayan sawar yara. Gilasan shogilas da madubin sif kafinta ya zo ya kwance su, muka naɗe da bargo. Kusoshin na zuba a leda na ɗaure a hannun ƙofar sif ɗin, wannan dabarar kam tawa ce.

Ranar Talata bayan asuba motar ɗaukar kaya, irin wadda ake kira kanta, ta iso. Da gangan muka guje wa Lahadi, don wanda ya taɓa ratsa Gujungu ranar kasuwa ya san yadda motoci da amalanke ke cushewa. 'Yan lodi suka so su fara zuba gado da buhunan gero, su bar bahunan a ƙarshe, wai sun fi sauƙin saukewa. Daga zaure na aika aka kira mini Malam. Duk macen da ta taɓa zama a wutsiyar motar kasuwa ta san nan ne ake tashi sama a dawo. Ya fita ya ce, "Direba, ka yi haƙuri, waɗannan bayan kanka za su zauna." Aka jera su jikin kan motar, aka tokare da buhunan gero ta kowane gefe. Madubi da gilasai da farantin sola suka tsaya a tsaye tsakanin katifu biyu, aka ɗaure. Batirin sola ma a zaune ya tafi, ba a kishingiɗa shi ba saboda ruwansa.

Inda na yi sakaci shi ne kayan da muka yi amfani da su a safiyar. Babban filas ɗin da muka sha shayi da shi, da fitilar ƙwai, ba su da mazauni, don an riga an ɗaure komai. Direba na ta danna hon, ƙanin Malam ya jefa su cikin tukunyar tuwo tare da ludaya da muciya. Da muka sauka na ɗauki filas ɗin, daga waje lafiya lau, ina girgizawa na ji ƙasa-ƙasa kamar tsakuwa a gwangwani. Kwalbar ciki ta zama gari. Ƙwan fitila ma ya tafi. Da na bar bokiti ɗaya da ɓuntu a gefe saboda irin waɗannan, da ban yi wannan asarar ba. Ban kuma rubuta komai a jikin bahunan ba, sai da muka kwana biyu muna shan shayi a moɗa kafin na gano inda kofuna suke.

Tangaran ashirin da huɗu kuwa, ko ɓantarewa babu wanda ya yi. Jug ɗin ya koma mazauninsa, har yau bai ga ruwa ba. Ɓuntun maƙwabciyata ta roƙa ta shimfiɗa wa kajinta.

Da magariba Gwaggo ta sa aka kira mata ni a waya. Ba ta tambayi yara ba, ba ta tambayi Malam ba.

"'Yar nan, randa fa?"