In zazzaɓi ya dawo bayan gudawa ta lafa

Jiya na ji 'yar ƙanwata tana ce wa mijinta, "Ai gudawar ta tsaya, wannan zafin jikin na haƙori ne." Yaron na kwance a cinyarta kamar tsumma, ta ba shi nono ya kau da kai, ita kuwa idonta na kan waya. Gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa faɗin haka.

Ɗana na fari bai cika shekara ba lokacin. Amai da gudawa suka kama shi, likita ya ce bairos ne, in dage da nono da ruwan gishiri da sukari. Na dage, ya ji sauƙi, har ya fara wasa. Sai zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko zafi. Na ce ragowar ciwon ne. To laifina ne? Ba likita ne ya ce zai wuce da kansa ba? Amma fa na taɓa ƙafafunsa na ji su sanyi ƙalau alhali jikinsa rau, numfashinsa sama-sama, na lulluɓe shi na kwanta abina. Wannan kam ba likita ya sa ni ba. Ko da yake na gaji, ban yi barci ba kwana da kwanaki. A asibiti sai da aka sha wuya kafin a sami jijiya. Gwajin jini ya nuna wata ƙwayar cuta, bakteriya mai suna Klebsiella. Ashe bairos mai sa yara gudawa, irin su rota, yakan ɗaye fatar cikin hanji, sai bakteriyar da ke zaune a can, irin su E. coli da ita Klebsiella, ta sami ƙofar shiga jini. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma jarirai da yara masu tamowa sun fi shiga hatsari. Da allurai ta jijiya Allah ya tashi kafaɗunsa.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku 'yan yanzu wa ke karanta dogon rubutu? Kada ku ɗura wa yaro antibayotik don gudawa, ba ya kashe bairos. Amma in zazzaɓi ya dawo bayan sauƙi, ko yaro ya ƙi nono, ya yi laƙwas, ko maɗigarsa ta kumbura, ko jini ya fito a kashi, to ku kai shi asibiti, wataƙila antibayotik ɗin ne zai cece shi, na asibiti, ba ragowar kwalbar bara ba. Ku bi maganar likita, kuma kada ku tsaya a kanta in yaro ya canza. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafinsa ya kai digiri 38, ko tsakar dare ne ku tafi, ba ku ɗauki hotonsa ku tura WhatsApp kuna jiran amsa ba.

Rigakafin rota ɗigo ne a baki, ana farawa daga sati 6. A zamanina babu shi. Ku kai su.