Abin da koyar da dokar aikin jarida ya koya mini a Garwa

Duk wanda zai koyar da dokar aikin jarida a Kamaru yakan fara ne da dokar ranar 19 ga Disamban 1990, wadda ta ba da 'yancin kafa jarida, ta kuma amince da haƙƙin ɗan jarida na ɓoye majiyarsa, sai dai in alƙali ne ya buƙaci a bayyana ta a zaman sirri. Daga nan sai malami ya kawo gyaran 1996 da ya soke tantance jarida kafin a buga ta, da dokar gwamnati ta shekarar 2000 da ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu. Wannan tarihi ne mai daɗin koyarwa, kuma ya kamata ɗalibai su san shi, domin mutane irin su Pius Njawe na jaridar Le Messager sun sha ɗauri kafin a kai ga haka. Amma babban abin da na fahimta a shekarun da na yi ina horar da matasan gidajen rediyon al'umma a Garwa shi ne, dokar da ke kai ɗan jarida gidan yari sau da yawa ba ita ce dokar aikin jarida ba.

Shari'ar Ahmed Abba ta isa misali. Wakilin sashen Hausa na RFI ne, an kama shi a Marwa a ƙarshen watan Yulin 2015, kuma ba a gurfanar da shi a kan wani rahoto da aka ce ƙarya ne ba. An kai shi kotun soja a Yawunde ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014, aka yanke masa shekara 10 a watan Afrilun 2017 bisa tuhumar da ta haɗa da rashin tona asirin 'yan ta'adda, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24, ya fito a Disamban wannan shekarar. Idan na kawo wannan batu a aji, ɗaliban da suka fito daga yankin Mora da Kolofata, inda aka sha fama da hare-haren Boko Haram, ne suka fi yin tambaya, saboda su ne suka san yadda lamba baƙuwa take shigowa waya da saƙon murya daga daji. Wani ya taɓa tambayata, "Malam, idan na ɓoye majiyata doka ɗaya ta kare ni, ɗaya kuma ta kama ni, wacce zan bi?" Na amsa masa cewa kada ya ɗauki irin wannan nauyi shi kaɗai: ya sanar da editansa nan take, a rubuta rana da lokacin da saƙon ya zo, gidan rediyon ya nemi lauya tun kafin a sa komai a iska. Wannan ba ya warware saɓanin da ke tsakanin dokokin biyu, amma yana hana a ce yaro ya ɓoye wani abu.

Haka batun ɓata suna yake. Yana cikin kundin hukunta laifuka, a sashe na 305, kuma ana iya ɗaure mutum har wata shida bayan tara. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2010, wadda ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba, abin da ke nufin rubutun Facebook ma ba wasa ba ne. Shi ya sa na fi ba da lokaci ga aikin hannu fiye da haddar sassan doka. Idan ɗaliba ta zo da labarin cewa wani shugaban 'yan kasuwa ya cinye kuɗin gina rumfuna, sai in ce ta zube abin da ke hannunta a kan tebur: ina rasit, ina muryar da ta naɗa, mutum nawa ne suka faɗa mata ba tare da sun haɗa baki ba, kuma ta kira wanda ake zargin ko kuwa? Yawanci a nan ake gane cewa "kowa ya sani" ita ce kaɗai hujjar. Ina kuma nace musu su adana asalin muryar hira da Hausa ko Fulatanci, domin idan magana ta kai gaban jandarma ko kotu, da Faransanci za a rubuta ta, kuma fassarar wani ce za ta zama maganarsu.

Akwai haɗari a wannan salon koyarwa, kuma ina ganinsa a fuskokin ɗalibai. Idan malami ya jera musu dakatarwar da hukumar CNC mai sa ido kan aikin jarida ke yi wa kafafen yaɗa labarai tun da aka ƙara mata ƙarfi a 2012, da mutuwar ɗan jarida Samuel Wazizi a tsare a 2019, da kisan ɗan jaridar rediyo Martinez Zogo a Janairun 2023, sai wasu su yanke shawarar cewa gara su tsaya ga gaisuwar biki da sanarwar rasuwa. To, manomin auduga da ke jiran taki, da uwar da ta tarar babu magani a asibitin ƙauye, ba su da wata kafa sai wannan ƙaramin rediyon. Saboda haka duk darasin da na yi kan hukunci, nakan bi shi da aikin gida na haɗa rahoto mai zafi wanda zai iya tsayawa a gaban alƙali, da hujjojinsa da martanin wanda ake zargi, sannan ajin duka ya zauna ya nemo inda lauyan wancan ɓangare zai kama shi.