Haruffa Uku da Suka Ja Mini Takardar Gargaɗi

Ranar Juma'a na miƙa makullin durowata a ɗakin labarai, bayan shekara 11 ina fassara. An ce in bar wa yaran da aka ɗauka bana wasu 'yan kalmomi. Ni kuwa duk abin da na tuna sai ya koma kan labarin Kwamado.

Wani babban hafsan sojan ruwa ne, ɗan garin nan Kaduna, ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya, danginsa suka shirya masa walima, aka aiko mana da tarihin aikinsa da Turanci. Bayan sunansa ga haruffa jere kamar jerin gwano: FSS, MSS, DSS, psc. Saura minti 20 a shiga labaran yamma. Idona ya faɗa kan DSS, ban yi wata-wata ba na rubuta cewa ya taɓa aiki da hukumar tsaro ta farin kaya, wadda ita ma DSS ake ce mata. Ashe lambar yabo ce, tauraron da sojoji ke bai wa hafsan da ya daɗe yana aiki ba tare da tabo ba. Ana farawa da FSS, a hau MSS, sannan DSS, GSS na samansu. Ita kuwa psc shaida ce ta wanda ya gama kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji, nan bakin hanyar Zariya, inda nake wucewa duk sati ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba.

Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma takardar ta bi ta teburin Oga, shugabanmu a ɗakin labarai. Ya karanta, ya bar farin kayan yadda suke, sannan ya soke "Kwamado" da jan biro ya rubuta "Kwamanda", wai na yi tuntuɓen harafi. Da biro ɗaya ya sauke mutum mataki biyu. A sojan ruwa Kwamanda daidai yake da Laftanar Kanar, Kyaftin shi ne Kanar, Kwamado kuma Birgediya Janar. Haka aka karanta, iyalinsa na zaune gaban rediyo.

Washegari waya ta yi ta ƙara. A taron safe Oga ya ɗaga kwafin da aka buga a kwamfuta, wanda babu jan biro a jikinsa, ya ce, "Malam, wannan aikin wa?" Na ce nawa ne, ranka ya daɗe, amma akwai na farko. Aka nemi na farko sama ko ƙasa. Takardar gargaɗi ni kaɗai aka ba, kuma ƙarin girman shekarar ya wuce ni.

Ni na kai kaina gidan dattijon a Malali, ba wanda ya aike ni. Na zaci zan sha faɗa. Sai ya sa aka kawo shayi, ya ɗauko wani ƙaramin akwati ya jera mini lambobin a kan tabarma, yana faɗin me kowace take nufi. Maganar muƙami ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya sosa masa rai, 'yan unguwarsu sun fara raɗa cewa dama ɗan leƙen asiri ne. Ya ce tun yana matashi ake masa dariya, wai me ya haɗa Bakaduna da teku, alhali makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke yaye hafsoshin ruwa tana garin nan tun 1964, kuma Murtala Nyako, ɗan Mayo Belwa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992. Da zan tafi ya rubuta mini jerin muƙaman ruwa da na ƙasa gefe da gefe da hannunsa, ya ce, "Ɗana, liƙa wannan inda za ka riƙa gani."

Sauran abin da zan ce wa yaran kaɗan ne. Harafin da ba ku sani ba, ku bar shi yadda yake har ku tambaya. Duk takardar da aka taɓa da jan biro, ku ɗauki hotonta a waya kafin ta bar hannunku, ko da wa ya taɓa ta. Kuma kada ku ci abinci a kan teburin da ke kusa da taga, tururuwa.

Jerin muƙaman yana nan jikin bango bayan kujerata, ya yi jawur don ƙura. Na lura Oga ma yakan tsaya ya duba shi idan ya zaci ba kowa a ɗakin. Na bar masa.