Abin da finjalin shayin Kawu ya koya mini

Ranar Lahadi ce, farkon makon aiki, rahoton tantance takardar mallakar ƙirƙirar da muka nema ya shigo. Shafi huɗu ne kacal, amma kafin in kai ƙarshen na biyu gumi ya karyo mini. Mai tantancewa ya bi buƙatunmu goma sha huɗu, wato jimlolin da ke fayyace abin da muke so a mallaka wa masu ƙirƙirar, ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda a tsaye ba. Ta farko ya ce ba sabuwa ba ce. Sauran kuwa ya ce duk injiniyan da ya san aikinsa zai kai gare su idan ya haɗa wasu tsofaffin takardu biyu da ya ambata.

Ni haifaffen Makka ne, a Misfala na tashi, kuma injiniyan lantarki na karanta. Ina aiki a Riyad, a wani ofishi da ke tsaya wa masu ƙirƙira wajen neman takardar mallaka, wadda a nan muke kira bara'a. Hukumar kula da mallakar fasaha ta Saudiyya ce ke tantancewa yanzu. A da aikin yana hannun Birnin Kimiyya da Fasaha na Sarki Abdul'aziz. Tun da ƙasar ta shiga yarjejeniyar PCT ta neman bara'a a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya a 2013, yawancin fayilolin da ke zuwa teburina daga waje suke, a rubuce tsaf, namu mu mayar da su Larabci mu bi sawunsu. Wannan kuwa daban ne. Na wasu matasan injiniyoyi ne a nan Riyad, kuma shi ne na farko da na rubuta da hannuna daga bismilla har tammat. An riga an buga shi, domin bayan wata 18 ana bayyana wa kowa abin da aka nema, shi ya sa nake iya magana a kansa.

Ga abin da na rubuta a buƙata ta farko: tsari da ke gano duk wani abu mai motsi a gaban mota mai tuƙa kanta, ta hanyar haɗa rada (na'urar da ke harba igiyar rediyo ta auna dawowarta) da kyamara. Kalmar "duk" ɗin nan na fi so a cikin jimlar. A tunanina, gwargwadon faɗin shingen da na kewaye, gwargwadon girman gonar masu ita.

Na ɗauki rahoton na nufi wurin Kawu raina a ɓace. Dattijo ne Bahaushen Sudan, mutumin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, ya daɗe a wannan sana'a tun ban gama firamare ba. Ba mu haɗa jini ba, amma tun ranar da ya ji na amsa waya da Hausa ya ce daga yau shi kawuna ne. Na ce, "Kawu, mutumin nan bai fahimci aikin ba ne." Bai karɓi takardar ba. Ya ce in zauna, ya tsiyaya shayi, sannan ya ce, "Ɗana, ka ce abu mai motsi. Motsi a idon wa?"

Sai ya ɗora finjalinsa a kan tebur, ya turo shi kai tsaye zuwa ƙirjina. "Wannan rada ta ji shi." Ya ja shi baya. "Wannan ma ta ji." Daga nan ya zame shi a hankali daga dama zuwa hagu, yana gitta gabana, tazarar da ke tsakaninmu ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Ya ɗaga ido ya dube ni bai ce komai ba.

Na san wannan tun a jami'a, amma sani a littafi daban, gani a kan tebur daban. Radar mota, wadda yawanci ke aiki a kusa da gigahaz 77, tana auna gudu ne da abin da Kirista Dofla ya bayyana a 1842. Kowa ya taɓa jinsa: jiniyar motar asibiti tana siririya idan tana nufo ka, ta yi kauri da zarar ta wuce. To abin da ke nufo ka ko yake guje maka shi rada ke kamawa da kyau. Ga kuma wata wahalar: motar kanta tafiya take, saboda haka a wurinta turakun fitila da allunan titi duk suna rugowa ne da gudunta. Dole na'ura ta fara cire gudun motar daga lissafi, abin da ya rage shi ne motsi na gaskiya. Mutumin da ke tsallaka titi daidai gaban mota kuwa, idan aka yi wannan ragin, abin da ke saura kaɗan ne ƙwarai, har ya yi kama da turke. Kyamara ita ta fi ganin mai gittawa, amma ita ma duk hoton yawo yake mata, kuma dare da ƙura suna rage mata ido. Lida, mai harba hasken lesa, tana ba da siffa da nisa, sai dai guguwar ƙurar Najadu, yankin da Riyad take, ba ta raga mata.

Da na koma na karanta takardun da mai tantancewa ya kawo, wannan karon ba da fushi ba, sai jikina ya yi sanyi. Haɗa rada da kyamara tsohon zance ne. Hanyar bin motsin ɗigogi a hoto, Lukas da Kanade sun wallafa tasu tun 1981. Lissafin Kalman da ake hasashen inda abu zai kasance da shi kuwa na 1960 ne. Na je na kafa shinge a gonar da mutane suka nome tun ba a haife ni ba. Mai tantancewa bai zalunce mu ba, karatu ya yi, karatun da ya kamata in yi kafin in ɗora alƙalami.

Na kira matasan muka zauna bayan sallar isha'i. Ban tambaye su me na'urarsu ke yi ba, wannan na riga na ji. Na ce su nuna mini wurin da na wasu ke faɗuwa nasu ya tsaya. Ƙaraminsu ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hoton gwaji: wani abu yana gittawa cikin ƙura, sunan da na'ura ta ba shi yana ta sauyawa, amma layin da ke bin sawunsa bai yanke ba. Nan take na tuna da haɗarin Tempe a jihar Arizona ta Amurka, a watan Maris na 2018, inda motar gwaji mai tuƙa kanta ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi da dare tana tura keke, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon. Ta gan ta sarai. Amma ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, anjima keke, anjima wani abu, kuma duk sauyin sai ta watsar da tarihin tafiyarta ta fara daga farko. Har yau idan na tuna daƙiƙoƙin nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Matsalar sananniya ce, ba mai mallakarta. Abin da matasan suka kawo shi ne takamaimiyar hanyarsu ta riƙe sawun abu a lokacin da rada da kyamara suka saɓa. Kuma a nan na tsallake rijiya da baya. Doka ba ta yarda ka ƙara sabon abu bayan ka shigar da takarda ba; gyara sai daga cikin abin da ka riga ka bayyana. Bayanin hanyar yana shafi na 19, sakin layi biyu da na so in yanke don na ga takardar ta yi tsawo. Allah ne ya sa Kawu ya hana ni a lokacin.

Buƙata ta farko ta tashi daga layi biyu ta koma kusan rabin shafi, kalmar "duk" ta fita. Wasu abokan aiki suna ganin wannan asara ce. Ni ban ga haka ba. Bara'a mai faɗin da ba ta da tushe, ranar da aka kai ta gaban shari'a ranar za ta rushe, kafin nan kuma ta tare wa wasu masu ƙirƙira hanya ba da haƙƙi ba. Shekara 20 ake ba mutum daga ranar shigarwa, ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a ba shi a kan abin da ya yi da gaske.

Akwai kuma abin da takardar ba ta faɗa, wanda yanzu nake gaya wa duk wanda ya zo mana tun zaman farko. Mai tantancewa yana duba ko abu sabo ne, ko akwai fasahar da ta wuce ta kowa a cikinsa, ko za a iya ƙera shi a yi amfani da shi; dokarmu ta ƙara da cewa kada cinikinsa ya saɓa wa shari'a ko ya cutar da rai da muhalli. Amma bai taɓa shiga motar ba. Hatiminsa ba shaida ba ce cewa za ta taka birki a kan lokaci, wannan aikin masu gwaji ne da hukumomin sufuri.

Da hutun ƙaramar salla na ɗauko Baba daga wurin 'yan'uwa a wajen Ɗa'if, dare ya riske mu a wata ƙaramar hanya. Fitila ta haska alamar nan mai kusurwa uku da hoton raƙumi a ciki. Baba ya san direbobin da raƙumi ya yi ajalinsu, domin dogayen ƙafafunsa mota ke sharewa, gangar jikin ta faɗo ta gilashi. Ya ce, "Motar taku da ba direba, za ta ga wannan?" Na ce, "Baba, abin da yaran ke ƙoƙari a kai ke nan, amma takardar da na rubuta ba ta yi wannan alkawarin ba." Ya jinjina kai, ya ce in rage gudu. Na rage, na kunna doguwar fitila, muka ci gaba muna duban gefen titi mu biyu.