Inda na kai da farantan ƙasar tumatir

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a gwajin da nake yi na ganin yadda bakteriyar ƙasar tumatir ke yi idan sun haɗu da funfunar da ke cutar da shi. Aga mai taushi (aga ita ce abin nan mai kama da jeli da ake kiwon bakteriya a kai cikin faranti) ta fara nuna mini abin da nake nema. Haɗin da aka saba, giram 15 a lita ɗaya ta ruwa, ya yi tauri, bakteriya na tsayawa cik inda aka ɗiga su. Da na koma giram 3, masu 'yar wutsiyar iyo suka bazu a ciki, suka yi zobe.

A gefen faranti na ajiye guntun funfuna fara mai ratsin hoda, irin ta Fusarium, wadda na ciro daga karan tumatir da ya yanƙwane. A tsakiya kuma ɗigon ruwan ƙasar da ke manne da saiwa. Zoben bai fito daidai ba, ya karkata wajen funfunar.

Yawancinmu fili muke jira mu gani, wato wuri kewaye da funfunar inda gubarta ta kashe bakteriya, tunda labarin Fleming da penisilin na 1928 ya zauna mana a kai. Amma a 2004 masu bincike a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun nuna cewa bakteriyan Pseudomonas fluorescens, nau'in WCS365, bin gubar fusarik asid yake yi har ya isa zaren funfunar ya mamaye shi. Gubar da Fusarium ke cutar da tumatir da ita, ita ce ke tona wa funfunar asiri, kamar ƙanshin suya ga mai wucewa. Funfunar ma ba ta kwanta ba: wannan gubar tana hana wani nau'in, CHA0, wanda aka samo a ƙasar noman taba a Suwizalan, sarrafa maganin da yake yaƙarta da shi. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni.

Karkatar zobe kaɗai ba hujja ba ce, domin bakteriya kan bi laimar da ke jikin zaren su yi tafiya ko babu guba. Saboda haka zagaye na gaba zan tace ruwan da funfunar ta girma a ciki, in ɗiga shi shi kaɗai, a wani farantin kuma ruwan kiwo zalla, wanda funfuna ba ta girma a ciki ba, don in kwatanta.

Don Allah ku naɗe bakin faranti da salatif, kada ku buɗe ku shinshina, kuma ku dafa shi a tukunyar tururi mai matsi kafin ku zubar.